Na Shuka Wake, Na Manta Hatsi

Ni dai tun ina lise, wato babbar sakandare, shimi, ilimin haɗa sinadarai, ta shiga raina. A zuba farin ruwa cikin farin ruwa su koma ja wur, in ba ikon Allah ba mene ne wannan? Da na samu bak, takardar ƙare sakandare, na shiga jami'a a Maraɗi, ba ni da wani buri sai lisans, digirin farko, na shimi. Gidan gwaggona nake zaune a unguwar Zariya, kullum ɗan kabu-kabu ya kwashe ni ya sauke a bakin fakilte, tsangayarmu ta kimiyya.

Shekarar farko duk tukunya ɗaya ake dafa mu: lissafi, fizik, shimi, biyoloji. Farkon ta biyu aka miƙo takarda, kowa ya zaɓi darussa uku na ganin dama, waɗanda muke kira opsiyon. A gidanmu ko akuya ba a sayarwa sai an ji ta bakin Baba, balle wannan. Ranar Asabar na hau mota sai garinmu Jiratawa.

Baba manomi ne, bai taɓa zama aji ba, kuma tunda nake ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. Ko hadari ya ce zai zubar bai zubar ba, to hadarin ne ya saɓa alkawari. Na same shi yana ɗaure zogale, na karanta masa takardar ina fassarawa, ya saurara ido rufe.

"Wanga abu ai noma ne," in ji shi. "Kin taɓa ganin na shibka hatsi zalla? Hatsi, dawa, wake. In ruwa ya yi gardama, wani ya mutu wani ya kai. Kak ki zuba ƙarhinki wuri guda, ɗiyata."

Wayyo daɗi! Na ji duk dakta-daktan fakilte ba su kai ubana ba. Na dawo na zaɓi ilimin duwatsu, ilimin tsirrai da informatik, wato ilimin kwamfuta. Akwai wani darasi, shimin awo, na tsallake shi da gangan, don a ganina shimi tana nan birjik cikin darussan dole.

Wata ƙawata ƴar Tibiri, ɗiyar malamin makaranta, irin mutanen nan ce da ko gwangwanin tumatir sai sun karance bayansa. Ta leƙa takardata a amfi, babban zauren lacca.

"Ke, kin karanta abin da anka rubuta can ƙasa?"

Maimakon in duba, sai na buɗe mata wa'azin hatsi da wake, har da ɗaga yatsa. Ta bari na ƙare.

"To, Allah shi ba da damina mai albarka," ta ce.

Gaskiya na ji daɗin shekarar. Na cika ɗaki da busassun ganye, jakata kullum da duwatsu. Wata rana na nemi wani dutse da na yi wa lamba don jarrabawa, na tarar Gwaggo ta tokare tukunyar tuwo da shi. Ta ce shi kaɗai ne ya taɓa yin amfani cikin karatuna. Sakamako ya fito, na ci komai.

Sai aka manna sunayen masu shiga shimi a shekara ta uku. Na bi da yatsa sau uku, babu ni. Na tafi wurin shugaban sashe da fushina. Ya ciro takardar da na cike da hannuna, ya aza yatsa a layin ƙasa: duk mai son shimi a shekara ta uku, dole ya ɗauki shimin awo. Da ya tambayi dalilina na soma bayanin dawa da wake, ya cire tabarau ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce hanya biyu ce, ko in wuce sashen duwatsu, ko in dawo shekara guda saboda darasi ɗaya.

Kuka na yi tun daga tasha har Jiratawa. Ban ko aje jaka ba na ce, "Baba, shawararka ta kashe ni."

Ya sa takalmi ya ce in biyo shi. Damina ta kama, shuka ta kai gwiwa. Ya tsaya bakin gona.

"Duba da kyau. Mi yaf fi yawa?"

Na duba. Hatsi ne layi bayan layi, wake kuwa yana raɓe a tsakani.

"Hatsi shi ne uwar gona. Na ce ki ƙara wake, ban ce ki tuge hatsi ba."

Kunya ta kama ni. Ɗiyar manomi ce ni, amma tun ina firamare ya hana ni riƙe hauya, wai ƴar lakkol ce, ƴar boko. Shi ma ya tsaya yana kallon tafin hannuna da ba kanta ko ɗaya.

"Wanne ne hatsinki?" in ji shi.

"Shimi."

"To koma ki shibka."

Na koma. Ƙawata ta wuce gaba ta bar ni da ƙannen aji, abin ya yi mini ciwo ba kaɗan ba. Amma abin da na fi tsoro bakin mutanen gari ne, don kowa ya san shekara uku ake yi. Da na zo hutu, ina daga zaure na ji wani maƙwabci yana tambayar Baba a ƙofar gida, da muryar nan ta mai neman labari.

"Malam, ɗiyar taka har yanzu ba ta ƙare ba? Ko ta hwaɗi ne?"

Na kasa kunne.

"Ita ta ci," in ji Baba. "Ni ne anka maida aji."