Keken Baba Sale

Na manta sunayen wasu shugabannin da na yi aiki a ƙarƙashinsu, amma har yau ban taɓa mantawa da ranar da Baba Sale ya zo ofis a ƙafa ba. Ranar Alhamis ce a ƙarshen watan Satumba, washegarin shigar albashi. Ku da kuka kama aiki kwanan nan ba ku tarar da shi ba, don haka bari in ɗauko muku daga tushe.

A lokacin ni malamin gona ne a mataki na takwas, a ofishinmu na Haɗeja. Aikin malamin gona, ga wanda bai sani ba, yawo ne. An ba ni ƙauyuka a gefen Auyo, ina zagaya manoman shinkafa na fadama, in duba iri da taki da ƙwari, in rubuta rahoto duk mako biyu in miƙa wa shugaban sashe. Malamin gonar da ba shi da babur, ɗumama kujera kawai yake yi. Baba Sale kuwa masinja ne a mataki na biyu. Shi ke buɗe ofis ya share, ya ɗauki fayil daga wannan tebur zuwa wancan, ya kai wasiƙu sakatariya a kan wani tsohon baƙin keke mai kwando a gaba. Ya girme ni da kusan shekara ashirin. Asalin gidansu makiyaya ne, amma shi a gari ya tashi, sai 'yar dabbar da 'yan'uwansa ke riƙe masa a wajen Kafin Hausa. Ni ina ce masa Baba, shi yana ce mini ranka ya daɗe, kuma babu yadda ban yi ba ya daina, ya ƙi.

A watan Fabrairun shekarar likita ya ce sai an yi wa mahaifiyata aiki a Kano. Na tattara abin da nake da shi, ya rage naira dubu ɗari da hamsin. Na nemi rancen ofis, akawunmu Ɗan'azumi ya nuna mini sunayen da ke gabana, na ga kafin layi ya zo kaina sai dai wani ikon Allah. Na je wajen mutum biyu da nake ganin suna da hali. Ɗaya ya yi mini addu'a mai kyau, ɗayan ya ba ni labarin nasa matsalolin har na fito ina tausayinsa. Ashe duk wayar da nake yi a ofis Baba Sale yana shara yana ji. Bayan kwana uku ya shigo ya tura ƙofa, ya ciro wani ƙunshi daga aljihu ya ajiye a kan teburina.

"Ranka ya daɗe, a kai Inna asibiti."

"Baba, ina ka samo wannan?"

"Ɗan bijimin nan nawa na sa aka sayar."

Duk ofis an san bijimin nan, don ba ya rabo da zancensa. Saura shekara guda Baba Sale ya ajiye aiki, kuma shirinsa shi ne ya haɗa nasa da na ƙaninsa su zama shanun huɗa, ya riƙa yi wa mutane huɗa da damina yana ci da iyalinsa kafin kuɗin sallama su fito. Wato abin da zai jingina da shi a tsufansa ne ya ajiye mini a kan tebur. Na ji kunya, na ji daɗi, kuma na ɗauka, don ba ni da wata mafita.

A ranar na rubuta takarda: dubu goma sha biyar duk ƙarshen wata, daga Maris zuwa Disamba, wata goma cif. Baba Sale ya ce shi ba ya son takarda tsakaninmu. Na ce ni ina so. Na kira Ɗan'azumi ya sa hannu a matsayin shaida. Na kuma kafa wa kaina doka, cewa da zarar albashi ya shiga, kafin a sayi ko gishiri a gidana, sai na cire kuɗin na sa a ambulan. Mai ɗakina Hajara har suna ta sa masa, wai harajin Baba Sale. An yi wa Inna aiki lafiya, wata shida suka wuce ban yi fashi ba, har na fara ganin kaina wani gwanin riƙon alkawari.

Sai Satumba ta zo da ruwa. Kogi ya cika ya fasa, ya shanye fadama. 'Yar gonata ta shinkafa, wadda ta rage mako biyu a yanka, ta koma tafki. A gida katangar baya ta zube, dole na sayi zana da itace na kare, don gidan ya zama kowa ya wuce sai ya ga abin da ke tukunya. Ga kuɗin makarantar yara. A cikin haka na yi gangancin ratsa wani ruwa da babur a hanyar Auyo, ina ganin bai kai gwiwa ba. Ya kai ya wuce. Makaniki ya ce sai an sauke injin, kaya da kuɗin hannu dubu goma sha huɗu. A makon ne kuma shugaban sashe ya tara mu ya ce kowane malamin gona ya kawo sunayen manoman da ruwa ya ci gonakinsu da girman ɓarnar, cikin kwana goma. Irin wannan aiki ba a yin sa daga ofis, sai ka taka gona ka gani da idonka.

Na zauna na yi lissafi ta gaba, na yi ta baya. In an cire abinci da makaranta da bashin zana, abin da zai rage a albashin bai wuce na ambulan ba. Ko dai babur ya tashi, ko Baba Sale ya karɓi nasa.

Ɗan'azumi ya ga ina ta zane-zane a takarda, ya leƙo. "Kai ma dai, Malam Isyaku. Baba Sale ne fa. Ko shekara ka yi ba ka ba shi ba, ba zai buɗe baki ba."

Ran Litinin kuma sai ga Baba Sale da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. "Ranka ya daɗe, na ji abin da ya faru. Allah ya mayar da alheri. Maganar watan nan a bar ta, ba komai."

Ba zan ɓoye muku ba, na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na yi masa godiya, na ce a raina shi ke nan, mai kuɗi da bakinsa ya ɗaga. Da na koma gida na ba Hajara labari ina murna. Tana tankaɗe ba ta ko ɗago ba.

"To me kake so ya ce? Ya tsare ogansa ya ce a biya shi?"

Na ce ai ba ni na roƙe shi ba.

"Na sani. Amma in ka tsallake wata ɗaya, na biyun ba zai yi maka nauyi ba. Ni dai na fi son mu sha koko ba suga da in haɗu da matarsa a gidan biki in rasa inda zan sa idona."

Maganar ta ɓata mini rai.

Ran Alhamis na ciro kuɗin na sa a ambulan kamar kullum, amma zuciyata ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Rumfar makaniki a kan hanyar ofis take. Na tsaya, ga babur ɗina an kwance masa ciki. Makaniki ya miƙo hannu ya ce in kawo ya aika a sayo kaya, gobe da yamma in hau abina. Hannuna har ya shiga aljihu. Sai na ce masa ina zuwa, na wuce.

Ina isa ofis na hango Baba Sale yana tahowa a ƙafa, ya naɗe wando zuwa gwiwa, wasiƙu a cikin leda a hammata. Shekara tara muna tare ban taɓa ganinsa ba keke ba. Na tambaye shi, ya ce yana wajen mai gyara. Ban kawo komai a raina ba. Na kira shi ciki na miƙa masa ambulan.

Bai karɓa ba. "Ranka ya daɗe, ai mun yi magana."

"Mun yi, Baba. Amma takarda ta riga maganar. Karɓi."

Ya karɓa da hannu biyu. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya zauna a bencin da ke ofishina yana kallon ambulan ɗin. Can ya miƙe ya ce a ba shi izinin rabin awa. Ta taga na ga dattijon nan yana sauri kamar zai yi gudu. Kafin azahar ya dawo a kan kekensa.

Washegari na tafi neman keken haya, tunda da shi zan yi zagayen. Mai gyaran keke na bakin kasuwa yana ɗaure mini sirdi sai ya ce, "Malam, da jiya da safe ka zo ai da ka samu na sayarwa, mai ƙwari. Na masinjan ofishinku. Ya kawo ya ce in sayar masa kafin ranar kasuwar Kafin Hausa, ko nawa aka taya. Har an yi dubu goma sha biyu, mai saye ya tafi ɗauko kuɗi, sai ga masinjan a guje wai ya fasa sayarwa."

Na tsaya riƙe da keken haya na kasa hawa.

Da na matsa wa Baba Sale, da ƙyar ya faɗa mini. Tun watan Maris ya samu wani dillali a Kafin Hausa ya kama masa ɗan bijimi, a kan zai riƙa kai dubu goma sha biyar duk wata har ya cika. Sharaɗin shi ne in ya yi fashin wata ɗaya, dillali zai sayar wa wani ya mayar masa da abin da ya tara. Shanu kuwa sun tashi a tsakanin, kuɗin ba za su sake sayen irinsa ba. Wato duk ambulan da na ba shi bai taɓa kwana biyu a gidansa ba.

"Baba, me ya hana ka faɗa mini?"

"Ranka ya daɗe, gonarka ta tafi, katangarka ta faɗi. Da wane baki zan faɗa?"

Zagayen nan na yi shi da keke da kwalekwale da ƙafa. Inda babur ke kai ni cikin awa guda, sai in yini. Wani ƙauyen sai an ɗora keken a jirgi, in sauka in tura shi cikin taɓo, manoma suna yi mini tsiya wai an rage wa malam girma. Rahotona ya makara da kwana huɗu. Shugaban sashe ya kira ni.

"Isyaku, kowa ya kawo nasa sai kai. Ina babur ɗinka?"

"Yana wajen makaniki, yallaɓai."

"Albashi bai shiga ba ne?"

"Ya shiga, yallaɓai. Da mai shi."

Ya dube ni ta saman tabarau. A ƙa'idar aiki, wanda ya makara da rahoto irin wannan ana rubuta masa takardar gargaɗi, a ba shi ɗaya, a aika ɗaya sakatariya a sa a fayil ɗinsa. Ya rubuta, kuma ban ga laifinsa ba. Takardar ta ja mini jinkirin ƙarin girma na shekara guda, abin ya yi mini ciwo ƙwarai a lokacin.

Oktoba ma da wuya ta wuce, babur bai tashi ba sai cikin Nuwamba. A ƙarshen Disamba na miƙa ambulan na goma a gaban Ɗan'azumi, aka yaga takarda. Baba Sale ya ajiye aiki a watan Maris. Da damina ta faɗi na bi ta ƙauyensu, na same shi a gonar wani yana bin garma, bijimai biyu a gaba. Ya tsayar da su ya nuna mini fari mai baƙin wuya, ya ce wannan ne.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. A aikin nan za ku samu na ƙasa da ku, masinja da direba da mai gadi, da manoman da ke ganinku kamar gwamnati. Za su yi muku alheri, kuma ba za su taɓa iya tambayarku nasu ba. In ɗayansu ya ce maka ba komai, ladabi ya yi maka, ba lissafinsa ya faɗa maka ba. Lissafin kai ne za ka yi masa. Ni saura kaɗan in karɓi ladabin dattijo in gyara babur da shi, kuma ba wayona ne ya hana ba, maganar Hajara ce da wata 'yar takarda.

Takardar gargaɗin nan tana cikin fayil ɗina har na yi ritaya, kuma ita kaɗai ce a ciki. Ban taɓa neman a cire ta ba. Ranar da aka rubuta ta, Baba Sale aka ba ya kai sakatariya. Ina tsaye a baranda ya sa ta a kwando, bai san abin da ke ciki ba, ya ɗaga mini hannu ya hau kekensa ya tafi.