Ɗakin da Na Zaɓa wa Baba

Lokacin da Abuja ta cika ta fara tumbatsa zuwa wajenmu, gonar mangwaron da ke jikin katangar gidanmu a Keffi ce ta fara tafiya. Wanda ya saye ta ya sare itatuwan, ya kafa injin buga bulo. Daga nan kullum tifa na juye yashi, ana zazzage siminti, farar ƙura tana tsallako katanga ta kwanta a kan komai, har a kan tuwo in ka yi sakaci.

Mahaifina, tsohon malamin firamare mai ciwon asma, shi ya fi kowa shaƙar ta, don zaure ne duniyarsa. Nan abokansa ke taruwa bayan la'asar, ciki har da amininsa, wani dattijo Kirista mutumin Agwada da suka koyar a makaranta ɗaya. In ba su yi musu uku a yini ba, to ɗayansu ba shi da lafiya.

Ni ce babbar 'yarsa, ni ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarmu. Aikin gwamnati nake yi a Abuja, in fita bayan asuba, in dawo bayan magariba in cunkoson Mararaba ya ga dama. Sau biyu ana kirana ina ofis, an kai shi asibiti numfashi ya sarƙe. Na je na yi wa mai bulo tatas, ya saurare ni tsaf, sannan ya nuna mini takardar filinsa. Tashi daga gidan gado kuwa, Baba ya ce sai dai gawarsa.

Likita ne ya ambaci na'urar tace iska. Ni kuma in na kama abu ba na kama shi da wasa. Mako uku ina bincike a ofis. Na gane cewa ran na'urar shi ne matatar da ke cikinta, wata farar takarda mai ninki-ninki da ake kira HEPA, mai kama ƙurar da ido ba ya gani. Na gane tana da aji-aji, na riƙe H13 a kaina kamar lambar waya. Na gane wadda aka rubuta wa "mai kama da HEPA" yaudara ce. Na kuma gane abu biyu da suka yanke wa Baba hukunci: kowace na'ura da girman ɗakin da take iya ɗauka, kuma sai an rufe ƙofa da taga, in ba haka ba ɗiban ruwa a kwando ake yi.

A shago a Abuja, mai kayan ya ce bari ya buɗe kwalin ya haɗa mini. Na ƙi ƙememe. Na sha jin yadda ake musanya na gaske da jabu a gaban idon mutum, na ce masa ba 'yar Keffi za a yi wa wannan ba. Na kawo ta gida a rufe, na zaro ta, na jona. Ta yi ƙugi a hankali, shuɗiyar fitila ta kama, na ji kamar na ci jarrabawa.

Zaure ba shi da ƙyaure, kuma ya fi ƙarfinta. Na bi ɗakunan gidan da tef ina awo, ɗaya ne kawai ya dace: ƙaramin ɗakin ƙurya mai taga ɗaya, inda muke ajiye buhunan masara. Na kwashe su, na sa aka yi fenti, na toshe gefen tagar da soso, na kafa doka. Ƙofa a rufe. Baƙo ɗaya a lokaci guda, ya kakkaɓe rigarsa a waje.

Baba, wanda ke kirana Uwata saboda sunan mahaifiyarsa na ci, ya dubi ɗakin ya ce, "Uwata, ko kaza ai akan sake ta da safe."

Na ce masa kaza ba ta da asma. Tsoro ne ya sa bakina kaifi, tsoron wayar da za ta yi ƙara ina ofis, amma a lokacin gani nake ilimi ne.

Abokansa suka yi ta zuwa ɗaya-ɗaya, su zauna a takure suna kallon na'urar. Musu ba ya daɗi in babu 'yan kallo, sai ƙafa ta fara ɗaukewa. Amininsa kaɗai ya jure, har wata na huɗu, da shi ma ya sayar wa wani ma'aikacin Abuja gidansa zai koma Agwada. Ranar tafiyarsa Baba ya sa hula zai raka shi bakin titi. Ana sauke siminti a lokacin, na tsaya a ƙofa na hana. A cikin ɗakin suka yi sallama.

Damina ta sauka, ƙura ta kwanta, tari ya ɗan lafa. Ni kuwa ina ta yi wa na'urar kirari a ofis.

Da ta cika wata shida, wata jar fitila ta kama, alamar a duba matata. Ranar Asabar da hantsi na durƙusa a gaban Baba na buɗe bayanta, ina jiran in nuna masa baƙar dauɗar da na hana shiga ƙirjinsa. Matatar na nan fara fat, a cikin ledarta ta kamfani, a liƙe ruf. A jikin ledar ga jan rubutu ɓaro-ɓaro, wai a cire kafin a kunna. Abin da mai shago zai yi mini ke nan na hana shi.

Kunya da haushi suka rufe ni, kuma babu wanda zan sauke wa sai kaina. Baba ya karɓa, ya jujjuya ta kamar yana duba littafin ɗalibi.

"Ashe fanka muka yi wa gadi," in ji shi. Ya yi ɗan murmushi, sannan murmushin ya tafi. "Da kin bar ni na raka malam ranar tafiyarsa."

Na yage ledar na mayar da matatar, kuma zan faɗi gaskiya, a raina so nake kada ta yi aiki, in sami hujjar buɗe ƙofa in roƙi gafara. Sai ta yi. Cikin mako biyu fiton da ke ƙirjinsa ya yi shiru, maganin asmar da yake shaƙa ya kwana ya wuni a kan tebur ba a taɓa ba. Likita ya yaba, ya ce a ci gaba da yadda ake yi. Na fito daga asibitin kamar an ƙara mini wa'adi.

Wata Lahadi da masu bulo ba sa aiki, na share zaure, na yayyafa ruwa, na shimfiɗa tabarma. Na buɗe ɗakinsa na ce ya fito ya sha iska, ko na awa ɗaya ne. Ya taso a hankali har bakin ƙofa, ya dafa bango, ya leƙa. Ya tambaye ni wa ya zo. Na ce babu kowa tukuna.

Ya daɗe yana kallon tabarmar, sannan ya juya ya koma kan gadonsa.

"Ja mini ƙofar, Uwata, kada ƙura ta shigo."

Na ja masa.