Ramukan Gaiwa Arba'in da Ɗaya

Usaini mai tubali gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kuma idan ya kafe a kan magana ko jaki sai ya sara masa. Garinsu na yamma da Tibiri, a bakin wani tabki mai cika da damina ya ƙafe da rani. Daga lakar tabkin nan ya ci, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya biyu.

Tun kaka da kakanni ba a haƙa tsakiyar tabkin, wurin da ake kira cibiya. Tsofaffi sun ce gidan Doguwa ne, aljanar ruwan, wanda ya sa galma a wurin hannunsa zai shanye. Usaini ne ya fara karya dokar, shekara ashirin da suka wuce, yana matashin magidanci, kansa cike da wa'azin da ya jiyo a Dogon Dutsi. Ya shiga da rana tsaka, gari na kallo, ya haƙa. Hannu bai shanye ba. Sai ma ya samu laka mai danƙo, da kwando guda na gaiwa, kifin nan da ke nutsewa cikin laka idan ruwa ya janye, ya yi barci har damina. Ranar an ci miya, an tafa masa.

To, mutanenmu ba a nuna musu hanya sau biyu. Kowa ya ɗauki galma, masu tubali don laka, sauran don kifi. Kafin shekara goma gaiwa ta zama labari. Da mahaifiyarsa Habsatu ta kwanta ciwon ajali, ba abin da ranta ke so sai romon gaiwa. Usaini ya yi kwana uku yana tono bai samu ko ɗaya ba. A cikin ramin nan, laka har gwiwa, ya gane abin da tsofaffi suka killace da sunan Doguwa: irin kifin baɗi ne. Ya ji kunya irin wadda ba ta barin mutum ya haɗiye tuwo.

Abin da ya rage na cibiyar bai fi faɗin masussuka ba. Ya kewaye shi da ƙaya, ya koma ɗibar laka daga gefe, inda yashi ya yi yawa tubali ke fashewa. Kowace gaiwa da ke kwance a ƙasa tana barin 'yar kafa a sama don numfashi, shi kuwa yakan durƙusa ya ƙirga. Bana ya samu arba'in da ɗaya.

Bana ɗin ce kuma Alhaji Tukur, wani ɗan kasuwa daga Dogon Dutsi, ya tashi gina shaguna, ya aiko amalanke shida, ya ce lakar cibiya yake so. Usaini ya zauna a bakin shingen da galmarsa a cinya. Masu amalanke suka kai ƙara wurin Malam Bilal, matashin limamin masallacin bakin kasuwa, inda Usaini kansa ke sallah a sahun farko.

"Baba Usaini," in ji Malam Bilal, "an ce mini kai ka tsaron gidan iska. Kai da munka ji labarin kai ka fara rushe camfin ga?"

Maganar ta yi masa zafi ƙwarai. A gari ma har an fara ce masa mijin Doguwa.

"Malam, ban iya gardama da mai littafi ba," ya ce. "Gobe in an yi Azahar kak ka tahi gida."

Washegari ya shiga shingen da galma, abin da ya shekara tara bai yi ba. Ya zaɓi kafa ɗaya ta gefe, ya yanko ƙasar da ke kewaye da ita a hankali, curi guda kamar tulu. Ya ɗora a kai har ƙofar masallaci, ya sa a babbar roba, ya tuttula ruwa. Aka fito sallah aka tarar da shi tsugune gaban laka. Masu dariya suka yi, wasu suka tafi abinsu. Malam Bilal dai ya ja tabarma ya zauna.

Lakar ta jiƙa, ta fara saki. Can gab da La'asar ruwan ya motsa. Wani abu baƙi, siriri, ya miƙe daga cikin curin, ya ɗago kai ya shaƙi iska, ya kewaya robar sau ɗaya.

"Ga Doguwar taku nan," in ji Usaini. "Wata shidda tana kwance ba ci ba sha, tana jiran ruwan Allah. Arba'in sunka rage. In anka haƙe su, ɗiyanku sai dai su ji sunan gaiwa."

Malam Bilal ya daɗe yana kallon robar. Ran Juma'a ya yi huɗuba a kan halittar da aka ba ɗan Adam amana, ya ambaci cibiyar tabki da sunanta. Alhaji Tukur ya yi 'yan ƙunƙuni, amalankensa suka koma gefe.

Gaiwar da aka tasa kafin lokacinta kuwa, Usaini ya sa ta a randa, yana canja mata ruwa safe da yamma, yana tono mata tana. Saura wata biyu ruwan sama ya sauka. Kwana tara ta yi, ya tarar da ita ta juya ciki sama. Matarsa Ramatu ta ce tunda ta mutu a kawo ta sa a miya. Ya ce a'a, shi ya tashe ta, ba zai kuma ci ta ba.

Ya kai ta cikin shingen ya binne a ramin da ya ciro ta. Sannan ya durƙusa ya bi kafofin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya samu arba'in cif. Ya ɗauki gatari ya nufi daji saro sabuwar ƙaya.