Kusar Shakazoba da Hanyar Auna

Ranar wata Talata, a daminar shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama, ina ƙofar gidanmu a Kontagora ina zubar da ruwan wanke-wanke, sai na jiyo motar Baba tun kafin ta shawo kwana. Ba kukanta na kullum ba ne. Wani ƙarfe ne ke dukan wani a ƙarƙashinta, ƙwal-ƙwal, bayanta kuma sai tsalle yake yi ko da kan ɗan tudun da bai kai ya kawo ba. Daga Kaboji yake, inda ya je sayen dawa, ya faɗa wani rami da ruwan sama ya rufe. Bai gama fitowa ba Goggo Asabe, yayarsa da ke riƙe da gidan, ta tare shi a ƙofar zaure da saƙon da wani mai fataucin kifi ya kawo daga Auna. Inna ta sauka, an samu namiji, amma tun da ta haihu zazzaɓi bai sake ta ba, ko kunu ba ya zama a cikinta. Goggo ta yi ƙasa da murya don kada in ji. Na kuwa ji, ina tsaye da kwano a hannu.

Inna ta tafi Auna gidan mahaifiyarta tun cikin yana wata bakwai, saboda bayan haihuwata sau biyu tana yin ɓari, kakata ta ce wannan karon a gabanta za a haife shi. Ni kuma aka bar ni saboda makaranta. Baba ya yanke shawara nan take: zai je ya ɗauko ta ya kawo ta asibiti. Babbar motar da ke zuwa Auna sai ranar kasuwa take tashi, kuma ba a ɗora maijego marar lafiya a kan buhunan gishiri. Motarsa ce kaɗai mafita, tsohuwar baƙar mota mai ƙoƙon baya da ya saya wajen wani Bature likitan dabbobi da zai koma ƙasarsu. A unguwarmu ita ce ke kai amare, ita ce ke kai marasa lafiya, yara kuma kan bi ta da gudu har bakin kwata.

Ya juya da ita garejin Baba Yohanna, na bi shi ba tare da ya kira ni ba. Garejin ba wani gini ba ne, gindin wani ƙaton maɗaci ne da ƙasarsa ta yi baƙi da mai. Baba Yohanna mutumin wajen Rijau ne, gajere, Hausarsa da ɗan karin Dukanci, ya daɗe yana yi wa Baba aiki har sun zama aminai. Ya ɗaga motar da jak, ya tokare ta da kututture, ya cire tayar baya, ya shiga ƙarƙashi. Da ya fito ya nuna mana wata doguwar kusa mai zare. Ita ce ke riƙe kan shakazoba, ƙarfen nan da ke shanye gargadar hanya, a jikin motar. Kusar lafiyarta ƙalau, amma zaren ramin da take shiga ya cinye. Ya sa ta ya juya da yatsa biyu, sai ta yi ta zagayawa ba ta kama komai. Baba ya ce a ɗaure da waya da robar tiyub ya tafi haka. Baba Yohanna ya goge hannu ya ce, "Malam Sani, zuwa kam za ka je. Amma dawowa, da matarka kwance a baya, duk ramin da ka taka a jikinta zai sauka." Baba ya dubi kusar, ya ce to a gyara.

Mai walda ɗaya ne a wajenmu, shi ma injinsa ya tsaya yana jiran kaya daga Kaduna. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa ramin, a yanka masa sabon zare, a sa kusar da ta fi ta da kauri. Ƙarfen yanka zaren da ya dace kuwa babu shi a garin. Baba Yohanna ya ce zai ƙera.

Ban taɓa sanin cewa rana tana da tsawo ba sai a kwanakin nan. Da safe in yi shara, in ɗebo ruwa a rijiyar maƙwabta, in ba awaki dusa, duk ina yi ina leƙen ƙofa. Goggo ta ba ni surfe, na bar turmin kaji suka yi ta ci. Ta aike ni gonar bayan gari in kai wa masu noman gyaɗa fura, na ajiye ƙwaryar a bakin kunya na juyo da gudu, ko gaisuwa ban tsaya na yi ba. A makaranta malam yana karanta mana lissafi, ni kunnena yana kan hanya, duk motar da ta wuce sai na miƙe in duba ta taga, har ya gaji ya mayar da ni bencin gaba. Lokacin tara ƙawayena suna ƴar gala-gala da carafke a gindin mangwaro, suka ja ni, na jefa dutsen sau ɗaya na bar su. Ana buga ƙarfen tashi, ba gida nake nufa ba, gareji nake yi, allo a hammata. Goggo takan ce, "Hajara, zaryarki ba ita za ta ɗaure kusar nan ba, zo ki ci tuwo." In ci loma biyu in sake ficewa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda Baba Yohanna ke aiki kamar ba abin da ke jiran kowa. Ya tono wata kusa mai tauri daga jikin wata matacciyar tarakta, ya damƙe ta a maƙata, ya zauna yana tsaga mata hanyoyi a tsaye da zarto da magagari, ya goga, ya hura, ya ɗaga ta sama ya duba. Ya kai ta maƙera aka gasa ta har ta yi ja, ya tsoma ta cikin baƙin mai. Ya faɗaɗa ramin da abin huji na hannu, kwance a ƙasa, ƙurar ƙarfe na zubo masa a fuska. Baba kuma, wanda ban taɓa ganin ya rasa abin yi ba, sai kai-kawo yake tsakanin gareji da tasha, yana tambayar duk wanda ya fito daga yamma ko ya ji wani labari. Babu wanda ya ji.

Washegari da la'asar aka fara yankan zaren. Baba ya tsuguna yana ta cewa a ƙara hannu, rana na tafiya. Ko don wannan ne, ko ƙarfen ne ya yi tauri da yawa, ban sani ba, sai muka ji ƙas. Ya karye, rabinsa ya maƙale a cikin ramin. Baba ya miƙe ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Ni na zaga bayan maɗacin na yi kuka, kukan da na riƙe tun ranar Talata, don a raina na gama yanke cewa Inna za ta mutu motar tana kan kututture. Matar Baba Yohanna, wadda ta kawo masa abinci, ita ta same ni, ta zaunar da ni kan cinyarta ta yi ta goge min fuska da bakin zanenta.

Sai da Baba Yohanna ya ɓata yammar nan da safiyar washegari yana ƙwanƙwasar guntun da ƙaramin kurfi kafin ya fito, sannan ya sake ƙera wani daga farko. Wannan karon ya ce kowa ya matsa. Daga nesa nake kallon gwiwar hannunsa: ya juya kaɗan, ya dawo baya, ya ɗiga mai, ya sake juyawa. Na ciji gefen kallabina har ya jiƙe. Da ya gama ya wanke ramin da kananzir, ya sa sabuwar kusar, ya ja da sifana har ta ƙi motsi. Aka sauke motar, ya hau bayanta ya danna da ƙarfinsa, ta yi ƙasa ta dawo ta tsaya cak. Ya ce, "Ku tafi, Allah ya tsare."

Baba bai yi niyyar tafiya da ni ba, amma ya tarar da ni a kujerar baya da ɗan ƙullin kayana, bai ce in fita ba. Muka tarar da Inna kwance a ɗakin kakata, ta rame, leɓunanta sun bushe, ga jaririn a gefe. Ta buɗe ido ta ce, "Har da ke?" Aka shimfiɗa ta a baya, kanta a kan cinyata, kakata a gaba riƙe da yaron. Duk tsawon hanyar nan mai laka da ramuka, duk inda taya ta faɗa sai in riƙe numfashi in saurara. Ban ji ƙarar komai ba. Can wajen rabin hanya na ji kanta ya yi nauyi, na tsorata na duba, ashe barci ne ya ɗauke ta. Ta kwanta asibiti ta warke, a gidanmu aka yi shagalin sunan ƙanina Umaru bayan lokacinsa ya wuce.

Yanzu in motar ɗana ta yi ƙara, a waya yake kiran bakanike, a cire tsohon ƙarfe a jefar a sa sabo kafin azahar. In wani ba shi da lafiya a Auna, kafin ya kwanta mun ji. Sauƙi ya zo, ba na musun haka. Maɗacin an sare, shaguna ne a wurin, Baba da amininsa duk sun riga mu gidan gaskiya. Amma har yau in na wuce gareji na ga ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashin mota, sai in rage tafiya. Nakan ce a raina, wataƙila akwai wanda ke jira.