Kukan Da Na Mayar Abin Dariya

Wata rana, wata biyu ke nan da suka wuce, na shiga motar Katsina daga tashar Ƙofar Ruwa, zan je bikin 'yar yayata.

Kafin in shigar da ku motar, bari in fara tona wa kaina asiri.

Ku da kuke bin shafin nan kun san al'adata. Duk ranar Asabar sai na kawo muku sharhin finafinai biyar da na kalla a mako. Kuna ce min Hajiyar Sharhi, ni kuma sunan yana min daɗi har kaina ya fara kumbura.

Abin da ba ku sani ba shi ne, ba duka biyar ɗin nake kallo ba.

Ina koyarwa a firamare, ga yara uku, ga maigida mai son tuwo da zafinsa. A ina zan samo awa goma ta kallo?

Sai na fito da dabara. In kalli minti goma na farko, in sa yatsa in ja zuwa tsakiya, in ɗan leƙa, in rufe. Sauran kuma bakina ya ƙarasa.

A wani mako kafin tafiyar nan, akwai wani fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa. Jarumin ya naushi mutum ɗaya, mutumin ya tashi sama ya sauka a kan mota ta uku. Na ba shi bakwai cikin goma, kuma wallahi don mai fassarar na bayar, shi ya fi kowa shan wahala a fim ɗin.

Akwai na Koriya. Wannan kam na kalle shi da gaske, har miyata ta kama. Kashi shida saurayi da budurwa suna cin taliya suna kallon juna, babu wanda ya iya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa. Na yi ta masifa ni kaɗai a kicin, amma na kasa ajiye wayar.

Na Amurka kuwa fashe-fashe ne daga farko, har yau ban gane wa ke bin wa ba. Na Legas, gidaje da lesuka sun fi labarin kyau.

Sai na biyar, fim ɗinmu na Hausa.

Labarin wani magidanci ne da ya rasu ya bar 'ya ɗaya tilo. A minti na takwas aka nuno zaman makoki. Wan mamacin, wani dattijo siriri mai furfura, ya zube a kan tabarma yana rusa ihu. Idonsa a bushe ƙamas. Ya rufe fuska da hannu, amma yana leƙen mutane ta tsakanin yatsunsa.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Ban ma ja zuwa tsakiya ba, a nan na rufe fim ɗin.

Na ɗauki hoton fuskarsa a daidai inda yake leƙen, na ɗora, na rubuta a ƙasa:

"Kuka mafi muni a bana. Baba, a koma gadin ƙofa, a can aka fi saninka."

Kun tura shi sama da sau dubu huɗu. Wani ya mayar da hoton sitika. Kafin sati ya zagayo, duk wanda ya yi kukan ƙarya a guruf, fuskar dattijon nan ake aika masa. Har a guruf ɗin malaman makarantarmu na gan ta.

Ni kuwa ina ta murna, wai rubutuna ya yi tashe.

To, mu koma mota.

Ina zaune a kujerar tsakiya, gefen taga. Ba wanda ya san ni, don hoton fure ne a shafina. Mun wuce Bichi kenan sai wasu 'yan mata biyu a baya suka fara ƙus-ƙus, ɗaya tana nuna wa ɗaya waya.

Can ɗayar ta kasa haƙuri. Ta ce, "Baba na gaba! Don Allah ba kai ne mai kukan nan ba?"

Mutumin da ke zaune kusa da direba ya juyo.

Shi ne.

Furfurar nan, siraran yatsun nan. Yana sanye da farin yadi da ya sha wanki, da 'yar leda a kan cinyarsa.

Na ja mayafina na ƙara rufe fuska, kamar akwai wanda ya ce ni ce.

Ya yi murmushi ya ce, "Ni ne, 'yan mata."

"Wayyo Baba, don Allah ɗan yi mana sau ɗaya mu ɗauka!"

Mota ta kaure da dariya, har direba. Dattijon ya gyara ledarsa ya mayar da kansa gaba.

Wani bawan Allah da ke gefena, da alama ɗan kasuwa ne, shi ya tsawatar musu. Ya ce, "Haba yara, ba sa'anku ba ne fa." Sannan ya tambayi dattijon yadda sana'ar take.

A nan na ji abin da ban nema ba.

Ya ce shekararsa goma sha tara a harkar fim. A duk shekarun nan mai gadi yake fitowa. Ya buɗe ƙofa, ya rusuna, ya ce "Sannu da zuwa, Alhaji," shi ke nan an gama da shi. Wannan ne karo na farko da aka ba shi rawar da ke da suna, har aka yi masa alkawarin shi zai ja kashi na biyu.

Ya ce, "Da hoton nan ya yaɗu, sai mai fim ɗin ya kira ni. Ya ce Baba, ka yi haƙuri, yanzu ko me ka fito kana yi dariya za a yi. Ban ga laifinsa ba, shi ma yana tsoron kada wahalarsa ta tashi a banza."

Ya ƙara da cewa jikarsa ta daina yarda ya raka ta Islamiyya, saboda yara suna rufe fuska suna leƙenta ta tsakanin yatsu.

Jama'a, a lokacin na so ƙasa ta tsage in shige.

Amma kun san me na yi? Maimakon in ce ni ce, sai na buɗe bakin nan nawa na yi magana kamar wata mutuniyar kirki.

Na ce, "Gaskiya Baba, wadda ta rubuta abin nan ba ta kyauta maka ba."

Ya juyo ya dube ni. Babu fushi ko kaɗan a fuskarsa.

Ya ce, "'Yata, ba na riƙe da ita. Da zan gan ta, tambaya ɗaya ce tak zan yi mata."

"Wace tambaya, Baba?"

"Ta kalla har ƙarshe?"

Na mayar da fuskata taga.

A Kankiya ya sauka. Kafin ya rufe ƙofa ya buɗe ledar nan, ya ɗebo dabino ya miƙo baya, ya ce a raba har da 'yan matan. Nawa guda biyu na riƙe su a hannu har Katsina, na kasa kai su baki.

Da na isa gidan biki, ana ta guɗa ana rabon anko, ni kuwa na shige ɗakin yayata na turo ƙofa. Rana tsaka na kunna fim ɗin daga farko, ban taɓa shi da yatsa ba.

A minti na hamsin gaskiya ta fito.

Ashe kukan ƙarya aka sa shi ya yi. A labarin, wan mamacin yana murna ne da mutuwar, don yana so ya cinye gidan marainiyar. Leƙen da yake yi ta tsakanin yatsu, yana duba ko mutane sun yarda da shi ne. Duk wanda ya kalli fim ɗin ya san haka.

Wato abin da na kira rashin iyawa, shi ne iyawar.

Sai fitowa ta ƙarshe. Ciwo ya kwantar da shi, 'ya'yansa duk sun watse sun bar shi. Yarinyar da ya kora daga gidan ubanta ta shigo da kwanon kunu, ta zauna a bakin katifa ta fara ba shi a baki.

Bai yi ihu ba. Bai rufe fuska ba. Leɓensa ne kawai yake rawa a jikin ludayin, hawaye yana gangarowa yana shiga gemunsa.

Na kalli fim ya fi dubu a rayuwata, ban tuna ranar da wani ya sa ni kuka irin wannan ba. Yayata ta shigo ta same ni, ta zaci wani ne ya rasu.

Na ji kunyar kaina ƙwarai. Har yanzu da nake rubutun nan ina jin ta.

Sati uku na yi ina neman lambarsa, na samu a wajen wata mai yi wa 'yan fim kwalliya. Kwana biyu kuma ina kallon lambar na kasa kira.

Da na kira, na gaishe shi, na ce ni ce matar da ta yi masa magana a motar Katsina. Na ce kuma ni ce na rubuta. Na ba shi haƙuri.



Sai ya ce, "To yanzu kin kalla?"

Na ce, "Na kalla, Baba. Har ƙarshe."

"Yaya kika ga wajen kunun nan?"

Na faɗa masa yadda na gani, ban rage komai ba.

Ya ce, "Alhamdulillahi. Kwana huɗu na yi ina gwada wajen nan a gaban madubin matata. Ke ce ta farko da ta yi min maganarsa."

Ya yafe min, har da sa albarka. Amma kashi na biyu an riga an ɗauka, a labarin an ce wan mamacin ya mutu. Ranar da na kira shi ma yana wajen ɗaukar wani fim ne. Na ji ana ƙwala masa kira daga nesa, ya ce min, "'Yata, bari in je, ana so in buɗe ƙofa."

Darasi:

Kada ka yanke wa mutum hukunci a minti na takwas. In ba ka da lokacin kallo har ƙarshe, to ba ka da hurumin yin sharhi, a fim ne ko a rayuwar mutane. Dariyar da na ba ku ta minti ɗaya, shi shekara goma sha tara ta ci masa.

Na goge wancan rubutun, amma sitikar tana cikin wayoyinku, hannuna ba zai kai can ba. Don girman Allah ku goge ta.

Daga yau fim ɗaya zan riƙa kawo muku duk Asabar, wanda na kalla daga farko har sunayen ƙarshe suka gama wucewa.

Wancan kun tura shi sau dubu huɗu ba tare da na roƙe ku ba. Wannan ina roƙonku. Ku tura shi har ya isa wayar wani mai shirya fim, ko Allah zai sa a sake ba Baba wata rawar da ta wuce bakin ƙofa.