Bakan da Na Sassaƙa wa Surukina

Ko gobe aka tashe ni daga barci aka ce in faɗi ranar da na fi jin kunya a duniya, ba sai na yi tunani ba. Ranar nan ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Ni kafinta ne a unguwar Damilu, a Yola. A shekarun da 'yan tayar da ƙayar baya suka kori mutane daga garuruwan arewacin jiharmu, surukina ya iso gidana da rigar jikinsa kawai. Bafulatani ne, tsohon maharbi, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne bakansa da ya baro a can. Ana ta tara mafarauta za su taya sojoji ƙwato garuruwan, shi kuwa yana zaune ƙarƙashin darbejiya hannu rabbana. Ko tuwo bai cika ci ba.

Sai na ce a raina, mutumin da ke haɗa gado da kabad, sanda mai lanƙwasa ce za ta gagare shi? Na sa aka saro mini dargaza daga wajen Mbamba. Da yake ba ma doguwar magana da shi, sai ya aiko matata ta gaya mini cewa icen baka a inuwa yake bushewa, a hankali. Na yi dariya na ce ranar Yola da ke dafa ƙwai tana nan a banza, na jefa icen kan kwanon shago.

Da na sauko da shi na sassaƙa bakan, sai ga tsaga a bayansa, ta ɗan ratsa gefe. Ban ko damu ba. Na yi mata abin da nake yi wa ƙafar tebur kullum: na kwaɓa garin katako da gam na cusa, na goge da sanfefa, na shafa mai har yana ƙyalli. Wallahi ban yi da nufin ha'inci ba, a wurina gyara ne mai kyau.

Na durƙusa na miƙa masa. Ya bi bayan bakan da babban yatsa, ya tsaya cak a wurin, sannan ya wuce.

"Useko," ya yi godiya da Fulatanci, kansa a ƙasa. "Allah ya yi albarka."

Ranar da za a duba makaman mafarauta kafin su tafi, na ce sai na raka shi. Ya ce in zauna kada aikina ya tsaya, na nace. Ina so in ji ana yabon aikina, har sabuwar shadda na sa.

Sarkin baka yana bin layi yana karɓar na kowa. Da ya zo kan surukina, ya gaishe shi da girmamawa, don ya san sunansa tun da daɗewa. Ya kafa bakan a ƙasa, ya danna da gwiwa kaɗan. Sai muka ji ƙas! Abin da na cusa ya faɗo kamar busasshen ƙuli-ƙuli, tsagar ta buɗe baki.

"Kai! Wannan ai mai shi zai fara kashewa," in ji sarkin baka. "Tsaga mai bin tsawo, ɗanyar fata ake naɗa mata. Bakan da tsaga ta ratsa bayansa kam, murhu ne wurinsa. Baffa, waye ya yi maka wannan aiki?"

Na buɗe baki zan yi magana, surukina ya riga ni.

"Ni na yi. Ido ya soma gajiya."

Ya ɗan juyo ya dube ni, karo na farko da muka haɗa ido tun da na auri 'yarsa. Na gane nufinsa. In na ce uffan, na ƙaryata shi a gaban jama'a. Na haɗiye maganata.

Samari suka shiga ƙus-ƙus, wani har da dariya. Sarkin baka ya sassauta murya ya ce, "To Baffa, idon da bai ga wannan ba, daji ba nasa ba ne yanzu. Ka zauna ka yi mana addu'a."

Muna tsaye motoci suka tashi. Garinsu za su, ba shi a ciki. A hanyar gida yana gaba ina baya, na rasa inda zan sa fuskata.

Da na ba matata labari, sai ta fashe da kuka. Ta ce, "Tun ranar da ka ba shi ya gani. Ya ce mini zai bar shi a gida ya ari na wani a can. Da ka ce za ka bi shi, ya za a yi ya bar kyautarka a gabanka?"

Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da zancen ba, bai kuma sake riƙe baka ba. Na ba shi haƙuri sau ɗaya, ya ce bai san abin da nake nufi ba.

Abin da na koya shi ne, iya wata sana'a ba ta ba ka iya maƙwabciyarta. Kuma in za ka yi wa mai kunya alheri, tambayi wanda zai iya ce maka ka yi kuskure, domin shi ba zai faɗa ba, shi zai ɗauki asarar.