Mma yana aiki

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan jikarsa ta kira ni daga Indiya, wai Baba Indiya ya rasu.

Ranar Asabar fa muka yi bidiyo kol da shi.

Yaran yanzu ba ku san shi ba. Tela ne Ba'indiye, musulmi, da ya zo Tamale lokacin da Gana ta samu mulkin kai. Mma, mahaifiyata, a ƙofar shagonsa take sayar da koko da ƙosai, ni ina wanke kwanuka.

Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "yana" ne a wurinsa. Mun sha yi masa dariya.

Kullum zancen ƙauyensu. Wai mutane cike kamar ranar kasuwa, amma masu karatu ba su cika benci ɗaya ba. Maza sun tafi birni neman aiki, mata ke riƙe da gonakin shinkafa.

Shi ya koya mini ABC da allin tela a kan teburin yanka. Idan na yi daidai, ya ba ni ƙyalle in ɗinka wa 'yar tsana riga.

A lokacin Mma ta riga ta yanke cewa ba zan shiga makarantar boko ba, tire zan ɗauka.

Sai ga masu ƙidaya sun zo. Suka tambaye ta, "Kina aiki?" A wurinmu aiki na mai albashi ne. Mma ta ce, "Ba na aiki." Matar da ke noma gyaɗa a Gbalahi, ta yi man kaɗe, ta soya ƙosai tun asuba.

Ban taɓa ganin Baba ya tsayar da keken ɗinki a tsakiyar riga ba sai ranar.

"Mma yana aiki," ya ce musu. "Ku rubuta."

Da suka tafi ya juyo wurinta, idonsa ja. "Mamana haka ya faɗa a ƙauye. Aka rubuta ba ya aiki, ba ya karatu. A cikin gona ya mutu. Mma, ka bar yarinya ya san abin da ake rubutawa a kansa."

Sati na zagayowa Mma ta kawo masa yadi, ta ce ya auna ni yunifom.

Da wannan yunifom na zama tica, har na yi ritaya.

Da tsufa ya kama shi ya koma ƙauyensu, ya buɗe wa mata ajin karatu a barandarsa. Ranar Asabar ya juya mini wayar, na ga tsofaffi sa'o'ina riƙe da fensir. Ya ce, "Juma'a ka gaishe su, su ga yarinyar koko." Na ce to.

Jikarsa ta ce matan sun ce ba za su rufe ajin ba. Juma'a zan kira, in Allah ya so. Ban san yadda zan kalli barandar babu shi ba.

Allah ya jiƙan ka Baba, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da mamanka a Aljanna.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Fatiha. Ku haɗa da uwayenmu biyu, tasa da tawa. Sun yi aiki.